Amincewar Mai Wuri

"Daga yau babu mahalukin da zai sake shiga tsakanina da gidan abincina," in ji Manaja, yana shafa sabuwar na'urar karɓar kuɗi. Kashiya da masu kai abinci suka gyaɗa kai, domin albashinsu a hannunsa yake.

Yana da hujja. Tsohuwar na'urar, kamfani ne ya kafa ta, ko farashin lemo za a canja sai an kira injiniyansu, ya zo da jaka, ya ci abinci, ya ce zai dawo. Wannan kuwa allon taɓawa ne da manhajar da mutum ke saukewa da kansa. Jiya da la'asar Manaja ya jingina wayarsa da kwalbar gishiri, yana bin bidiyon koyarwa. Da manhajar ta nemi lambar wayar mai wuri, bai so ya katse bidiyon ba. Sai ya leƙa kicin ya ari wayar yayarsa.

Gidan abincin gadonsu ne su biyu. Yaya na kicin, shi yana gaba da kwat. Ba a taɓa zama an tattauna wa ke sama da wa ba, tunda kowa ya san amsar, kowa da tasa.

Da rana abokansa na jami'a, Lauya da Likita, suka zo ganin abin al'ajabi. Suka zauna a teburin taga, inda suka yi shekara da shekaru suna cin shinkafa da kaza ba su taɓa sanin farashinsu ba. Manaja ya nuna musu yadda oda ke tafiya kicin ba tare da an ɗaga murya ba. Likita ya nemi ƙarin kifi don ya ga ko gaskiya ne. Gaskiya ne.

Da suka gama, Lauya ya kai hannu aljihu a hankali, yadda ya saba, don a samu lokacin hana shi.

"Haba, bar shi. A kaina," in ji Manaja.

Ya nufi kantar biyan kuɗi ya danna wurin kyauta a jikin na'urar. Allon ya yi ɗan tunani, sannan ya rubuta: Ana jiran amincewar mai wuri. Ya sake dannawa, abin yana ba shi sha'awa. Ga shi tsaye, na'ura na jiransa. Sai ya ji wata waya ta yi ƙara a kicin.

"Yallaɓai, ko in kira injiniyan?" Kashiya ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ki kira wa?"

Ta ci gaba da goge saman kantar.

Ya shiga kicin, ya tarar da Yaya ta ajiye ludayi, ta ɗora tabarau a karan hanci, tana nazarin wayarta kamar takardar asibiti.

"Auta, zo ka ga wani abu. Wai ni ce mai wuri."

"Kuskure ne, Yaya. Zan gyara."

"Ai na ga wurin gyaran. Ya ce sai mai wuri ta amince." Ta leƙa ta tagar miƙa abinci. "Su ne na teburin taga? Wanne ne ba ya son albasa?"

"Mai sanƙon."

"Ikon Allah. Na ɗauka siriri ne. Ashe abincina na karɓarsa."

Babu fushi a muryarta, abin da ya fi damunsa ke nan. Da faɗa ta yi, ya san inda zai kama.

"Yaya, danna kawai. Suna jira."

"Zan danna. Amma ya ce in zaɓi dalili." Ta matsar da wayar nesa da idonta. "Na farko, abinci ya lalace. Ya lalace?"

"A'a."

"Na biyu, baƙo ya yi ƙorafi." Ta dubi farantan da aka dawo da su. Ko ƙashin kifin an tsotse. "Na uku, abincin ma'aikata. Wanke-wanke za su yi mana?"

"Lauya ne da likita, Yaya."

"To akwai wurin rubutawa da hannu. Faɗa mini in rubuta. Wallahi na daɗe ina son in sani."

Manaja ya buɗe baki. Ya tuno ɗakin kwanansu na jami'a, da ranar da Lauya ya ara masa takalmi. Ya laluba ko akwai wani abu bayan takalmin. Shi ma kansa sai ya ji yana son ya san amsar. Tukunya na tafasa, Yaya na jira da yatsa a sama.

"Ko in fita in tambaye su?" ta ce, tana kwance ɗamarar girki.

"Bar shi," ya ce da sauri.

Ya koma kanta, ya juya wa teburin taga baya, ya zaro katinsa ya tura wa kashiya a ƙarƙashin tiren cokula. Na'urar ba ta nemi amincewar kowa ba. Ta fitar da rasit tana masa godiya, tana fatan zai sake dawowa.

"Ya dai, na'urar ta yi aiki?" Lauya ya tambaya, yana sakace haƙori.

"Sumul," in ji Manaja.

"To gobe za mu zo da Farfesa, shi ma ya gani."

Manaja ya ninke rasit ɗin, ya sa a aljihun kwat, ya raka su har bakin mota.