Akwatin da Bamalli Ya Tafi da Shi Minna

Shekarar da aka fara ce wa garin nan Suleja, motoci sun cushe hanyar kasuwa har mai jaki ba ya samun wurin raɓewa. Sai masu mulkin gari suka gitta ƙarfe a bakin gari: duk motar da za ta shiga ranar kasuwa sai ta biya.

Gwadabe direba shi ya fi kowa ɗaga murya. Mutum ne mai gaskiya, amma kansa kamar dutse, kuma bai yarda da kowa ba. Da direbobi suka yi shawarar ajiye aiki har a cire ƙarfen, ya miƙe ya ce, "Alkawarin baki? Na san ku. Kai Ɗantala, fasinja biyu suka yi maka murmushi ka tayar da mota."

Ɗantala ya ce, "To limamin tasha, sai ka ɗaure mu."

"Zan ɗaure ku kuwa. Kowa ya ciro rota."

Rota ɗan abin nan ne mai raba wuta a inji, in babu shi mota gawa ce. Kowa ya ciro nasa, Gwadabe ne na farko. Aka zuba a akwatin ƙarfe aka kulle. Shi ne kuma ya nace shugabansu Bamalli ya sa akwatin a motarsa, ita kaɗai da aka bar wa rota, ya tafi da shi Minna tare da takardar ƙorafi, manya su gani da idonsu. Direbobin waje ma ya aika musu kada wanda ya kusanto garin.

Luba matar Gwadabe tana Garam gidan iyayenta, goyon cikin fari. Da hantsi sai ga wanta Tanimu ya iso tasha a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga.

"Gwadabe, tashi! Tun asuba take naƙuda, jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta ce sai asibiti."

Gwadabe ya ruga ya buɗe bonet ɗin motarsa, sannan ya tuna. Ya bi motocin tasha ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, alhali ya san abin da zai gani. Ɗantala mai tsokana shi ma buɗewa yake.

A amalanke aka turo ta. Gwadabe ya tarye su a hanya ya karɓi turin da hannunsa. Kafin su hango rufin asibiti Luba ta cika, da abin da ke cikinta.

Washegari Bamalli ya dawo yana danna ham, an ce a cire ƙarfen. Ya tarar da direbobi zaune a tabarmar gaisuwa. Aka buɗe akwatin a nan ƙofar gida, kowa ya ɗauki nasa. Ɗaya ya rage.

Bamalli ya ce, "Gwadabe, naka."

Ya ce, "Bar shi a ciki, Alhaji."

Motar Gwadabe ta shekara a tasha, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, kafin ya bari a sayar.