Buhu Huɗu na Yashi a Bayan Motar Auta

Auta yana da a-kori-kura, wata tsohuwar farar mota da ta sha duniya har bayanta ya zauna. In ka hango ta sai ka ce raƙumi ne ya fara durƙusawa ya fasa. Bulo yake ɗebowa da ita daga wajen masu bugawa zuwa inda ake gini, kullum, ban da safiyar Talata. Wannan ta Inna ce, mahaifiyarsa.

Shekara biyu ke nan ciwon baya ya kama Inna, ba ta iya zaman kujera. Don haka kowace Talata sai ya share bayan motar, ya shimfiɗa katifa, ya kai ta asibiti a duba ta a ba ta magani. Da yake motar ta yi ƙasa, hawan ba wuya: ta zauna a baki, ta jawo ƙafafunta, shi ke nan. Takan ce ita da motar sa'o'in juna ne, tare suka ranƙwafa.

To, ana nan sai ɗan kwangilar da yake yi wa dako ya ce masa ya gaji da sawu biyu a aikin sawu ɗaya. Ko motar ta ɗauki kaya sosai, ko ya nemi wata. Auta ya nufi gareji. Bakanike ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa sifirin na baya, waɗannan fallayen ƙarfen da aka jera kan juna suke riƙe da nauyin mota, ya ce sun gama yayi. Ya ɗaga ta a jak, ya kwance noti, ya ƙara falle uku-uku a kowane gefe, ya ɗaure tamau. Da aka sauke ta sai ga baya ya tashi fiye da taƙi guda. Aka loda bulo har sama, ta tafi sumul. In ba kaya kam takan yi tsalle a ramuka, amma shi yana gaba a kan kushin, dariya ma abin yake ba shi.

Ranar Talata Inna ta zo ta tsaya, bakin motar ya kai mata ƙugu.

“Auta, ƙawar tawa kuma aure za ta yi, ta miƙe haka ta bar ni?”

Ya yi dariya, ya ɗauke ta cak ya kwantar. Hanyar asibitin nan duk ramuka ce. Da suka isa ya ga ta cije bakin mayafinta har ya jiƙe, ya tambaye ta, ta ce zafin rana ne.

Talatar da ta biyo ta ce ta ji sauƙi, ya tafi aikinsa. Ta gaba ma haka. Shi kuwa, bawan Allah, har murna yake yi. Sai a mako na biyar yayarsa, wadda ke yi wa Inna wanka, ta tare shi a ƙofar gida. Ta ce tun ranar nan Inna ba ta ƙara juyawa da kanta ba, motar ta yi ta buga ta da ƙasan bodi kamar ana sussuka. Inna kuma ta hana a gaya masa, wai kada a sa yaro ya cire abin da yake ci da shi.

Auta ya koma gareji ya ce a kwance fallayen da aka ƙara. Bakanike ya riƙe baki, ya ce ai da ya san mutum ake kwantarwa a baya da ya faɗa masa tun farko. Sifirin mai tauri nauyi yake so. Ba sai an kwance ba, ya aza buhunan yashi daidai kan tayoyin baya, za ta yi laushi.

Ya cika buhu huɗu, biyu kowane gefe, katifa a tsakiya. Ya ɗora kwano cike da ruwa a kan katifar, ya bi hanyar asibiti ya dawo. Ruwan bai zube ba sai kaɗan.

Washegari bai jira Talata ba. Da ya ɗauki Inna sai ya ji ba nauyi, ko bulo biyu ba ta kai ba. Ya tuƙa a hankali, yayarsa na zaune kusa da kanta. A ƙofar asibiti Inna ta buɗe ido ta shafa buhun da ke gefenta.

“Yau kam kamar goyo,” in ji ta. “Allah ya yi maka albarka.”

Likita ya duba ta, ya tambayi me ya sa suka bari har yanzu. Aka ba ta gado, ta kwana tara a kai, rai ya yi halinsa, ba ta sake hawa motar ba.

Har yau buhunan suna nan, rana ta cinye bakinsu, yashin na tsiyaya kaɗan-kaɗan. Ɗan kwangila yakan yi masa tsiya, wai ya ƙara sifirin don ya yi dakon yashin da ba na kowa ba, ga shi sun cinye wurin bulo goma sha biyu. Auta sai ya ce zai sauke. Da yamma in ya share bayan motar, yakan ɗinke inda ya yage, ya gyara musu zama, biyu kowane gefe, ya bar tsakiya.