Ruwa a Cikin Famfo

Tun safe Dogo yake bakin aiki. Shi ne mai tuƙa injin ɗaga kaya a masana'antar narka ƙarfe, shugaban tanderu kuwa surukinsa ne, dattijon da Dogo bai taɓa haɗa ido da shi ba a shekara tara.

Da safen yana wanke ƙasa tiyo ya kufce masa, ruwa ya feshe sabon famfon zuƙo ƙarfe da za a tsoma cikin narkakken ƙarfe, har ya kwarara ciki. Ya goge bayan famfon da tsumma, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wa zai tunkari suruki da irin wannan shirme?

Kowa a wurin ya san doka. Busasshen famfo, awa biyu ake rataye shi a saman tanderu ya ɗumama. Jiƙaƙƙe kuwa sai ya yini, domin ɗigon ruwa in ya nutse cikin ƙarfen nan, tururi ne zai fashe ya watsa wuta kan duk wanda ke kusa.

Aka rataye famfon a matsayin busasshe, awa biyu ta cika. Dattijon ya duba ma'aunin zafi, ya matsa bakin tanderu, ya ɗaga hannu.

"Sauke, a hankali!"

Dogo ya fara saukewa.  Famfo na gangarawa, ƙarfe na ƙyalli a ƙasa, dattijon kuwa ga shi nan, taku biyu kacal. Saura kamu ɗaya Dogo ya danna birki.

"Kai, lafiya?"

"Baba, ku matsa baya," in ji Dogo. "Ruwa ya shiga cikinsa da safe. Ni ne."

 Dattijon ya sa aka janye famfon gefe. Ya cire tabaraunsa, ya kara shi a bakin bututun famfon, ya ɗan jira. Da ya ɗago, gilashin ya yi fari fat da tururi.

Ya daɗe yana kallon tabaraun. Sannan ya ɗaga kai, a karon farko suka haɗa ido.

"Da ka ƙara jin kunyata na minti ɗaya," ya ce a hankali, "da yau 'yata ta rasa uba da miji."