Shayin Malam Shu'aibu

Kwalin farko a ƙirji ya same shi, na biyu ya bugi ƙofa ya fashe, ganyen shayi ya watse cikin taɓo. Malam Shu'aibu bai kauce ba. Yana tsaye a bakin zaurensa da rigar sanyi a kan jallabiya, hannayensa a baya, kamar yadda yake tsayawa gaban ɗalibai lokacin yana hedimasta.

"Ka dafa ka sha!" in ji matar da ta jefe shi, wata mai tuyar awara. "Kai ka ce mu shiga! Da bakinka ka ce halal ne!"

"Ni na ce," in ji Malam. "Ban musa ba."

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a unguwar Dilimi, don haka komai a kunnena aka yi. Na yafa mayafi na fito. Layin ya cika da masu keke da teloli da mata masu goyo.

"Ku je ofishin kamfanin mana!" na ce.

"Wane ofishi, Rabi? Kwaɗo ne a ƙofar!"

Abin da ya ƙona mini rai, yawancin masu ihun nan su ma sun shigar da wasu. Wannan ya ja ƙanwarsa, waccan ta ja 'yan adashinta. Amma hoton Malam ne a allon tallan kamfanin, saboda haka ƙofarsa kowa ya sani.

Tun da rani abin ya fara. Wani tsohon ɗalibinsa, Badruddeen, ya zo da mota da kwat, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya kawo masa labarin kamfanin Tsanin Arziki. Ka biya kuɗin rajista, a ba ka katan ɗin shayi, ka kawo mutum uku, su ma kowa ya kawo nasa, kai kuma kana zaune ana turo maka rabonka.

Malam ya aiko a kira ni, don ya san ina sayar da sabulu da man shafawa na wani kamfani, kuma mu ma muna da na sama da na ƙasa.

"Rabi, ai irin naku ne," ya ce.

"Baba, ba irin namu ba ne. Ni matar da ke sayen sabuluna ba ta shiga komai ba. Nata ne ya ƙare ta dawo. Wadda ta kawo ni ba ta samun ko sisi sai na sayar da kaya, abin da ya kwana a hannuna kuma kamfani na karɓar abinsa. Naku fa? Akwai wanda ba ya cikinku da ya taɓa zuwa ya ce a sayar masa da shayin nan zai sha?"

Ya yi dariya. "Badruddeen ya ce shayin shaida ce kawai."

"To abin da za a riƙa turo maka daga ina zai fito?"

"Daga masu shigowa."

"Ranar da aka rasa mai shigowa fa?"

Ya juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Yaron nan ni na koya masa riƙe fensir. Ba zai cuce ni ba." Bai faɗi sauran ba, amma na sani. Fanshonsa sai an ga dama ake biya, ga maganin hawan jini da ba ya jiran kowa.

Da farko sun biya shi a kan kari. Suka kama zauren taro, suka rataya masa ƙyalle a wuya, suka naɗa shi Jakada, aka ɗauki hoto. Ba ɗan kuɗin rajistarsa suke so ba. Sunansa suke so. Mutumin da rabin unguwa ya bi ta ajinsa, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, in ya ce a shiga wa zai tsaya tambaya?

Da ruwa ya sauka, abin ya tsaya cak. Masu kamfanin aka ce suna Legas, aka ce sun haye waje. Wayar Badruddeen a kashe.

Bayan ranar jifan nan Malam ya sayar da lambunsa na Naraguta, wanda ke bakin tsohon kududdufin kuza, inda yake noman kabeji da karas. Ba wanda ya sa shi. Ya riƙa bin gidajen waɗanda ya shigar da ƙafa, da lema a hannu, yana ba kowa abin da ya samu yana neman gafara. Wasu sun karɓa sun yi kuka tare da shi. Wasu sun karɓa sun rufe ƙofa. A masallaci ya bar sahun gaba ya koma can baya kusa da takalma.

Matarsa, Mama Fiddausi, ta same ni ina shanya. "Ya daina sayen maganinsa," ta ce. "Wai da wane ido zai shiga kemis alhali haƙƙin mutane na kansa."

Na saya na kai masa. Ya yi godiya, ya ajiye a kan taga. Ban san ko ya sha ba.

Wata safiya da hazo ya rufe duwatsu, na ji Mama tana ƙwala mini kira ta kan katanga. Na tarar da shi a kan tabarma, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Yana ta ƙoƙarin magana. Na sunkuya.

"Mai awara," ya ce da ƙyar. "Ba a... ba ta ba."

"Za a ba ta, Baba. Ka yi salati."

Mai keken da ya kai shi asibiti yana cikin waɗanda suka yi masa ihu. Duk hanya yana tuƙi yana share ido da hannun riga. Kafin azahar Malam ya cika. Bayan la'asar aka kai shi maƙabarta, cikin yayyafi, kuma layin da ya cika ranar jifa ya sake cika. Kowa na cewa mutumin kirki ne.

Ranar sadakar uku sai ga Badruddeen, cikin farar shadda, ya yi ƙiba. Ya zauna cikin maza ya yi hawaye, ya ce shi ma cutarsa aka yi, shi ma yaron wani oga ne. Na fito da kwanukan abinci, ya tare ni a zaure, ya rage murya.

"Anti Rabi, Allah ya jiƙan Malam. Akwai wani sabo da ya shigo, wannan na gaskiya ne, a waya ake yi. Ba ma wahalar ɗaukar kaya. Ke da kike da mata da yawa a hannunki, cikin wata guda..."

Na dire kwanukan har miya ta zube.

"A zaurensa?" na ce, ban san muryata ta kai waje ba. "A zauren mutumin da kuka sayar da sunansa kuka ci? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ka zo neman wani wuyan da za ka rataya wa ƙyalle?"

Maza suka juyo. Na ɗauka wani zai tashi ya riƙe shi. Ba wanda ya motsa. Liman ya ce a yi haƙuri, gidan makoki ne. Badruddeen ya gyara hula ya fita abinsa, kuma da idona na ga samari biyu sun zame sun bi shi bayan mota da wayoyinsu a hannu.

Da yamma, an fara watsewa, wani dattijo ya sauko daga keke da buhun dankali. Malam Siman ne, daga Kabong, wanda suka yi koyarwa tare shekara da shekaru. Shi ma Malam ne ya shigar da shi, kuɗin sallamarsa na aiki duk a ciki suka tafi. Aka fara raɗa cewa nasa ya zo nema.

Ya cire takalmi, ya tsaya a bayan labule ya gai da Mama.

"Mama, sai haƙuri. Shu'aibu ya zo har gidana, na gaya masa babu komai tsakanina da shi. Na zo ne in sake faɗa a gaban mutane."

Daga ciki sai shessheƙar Mama ake ji.

Ya koma ya zauna a ƙarshen tabarma, hularsa a kan gwiwa. Ruwa na ɗiga daga bakin kwanon rufi yana sauka cikin takalminsa, bai janye su ba.