Neman Yaren Walida

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu bai gama sakina ba.

Na gan ni tsaye a wani gari mai duwatsu da ruwa ta ko'ina, sanye da atamfar da nake zuwa shago da ita. Ban taɓa zuwa ba, amma na san ƙasar Norway ce, inda ɗana Lawwali yake aikin kiwon kifi shekara tara ke nan. Na kuma san abin da ya kawo ni. 'Yarsa Walida, takwarata, shekararta shida, ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin yarenta. A waya sai dai mu yi ta murmushi, uban yana mana tafinta.

Ana ruwan sama, amma daga ƙasa yake tashi. Zanina ya jiƙe sharkaf, ɗankwalina a bushe.

Sai ga ni a wani ofis. Wata jar akuya mai tabarau tana zaune a bayan tebur, tana tauna gefen wata takarda.

"Hajiya Tasalla," in ji ta, "yare nawa kika zo da shi?"

Na kwance bakin zanina na zube mata. Akwai Yarbancin da na tsinta a Legas wajen saro kaya, cikin wata huɗu. Akwai Faransancin Kwatano, da Larabcin kasuwar Jidda. Ta ɗora su kan sikeli ɗaya bayan ɗaya. Larabcin ya danne sikelin kamar buhun gishiri. Faransancin ya yi ta sulɓewa yana faɗuwa ƙasa, har ta gaji ta taka shi da kofato.

Sannan ta kawo mini yaren Norway a cikin kofin shayi. Na ɗaga, ban ji nauyin komai ba.

"Shi ke nan?"

"Ba shi da nauyi," ta ce. "Riƙewar ce aiki. Wanne kike so? A rubuce guda biyu ne."

"Wanda jikata take yi."

"Wannan kuma na baki ne. Kowane gari da nasa. Kina tsallaka dutse ya canza."

Ta juye kofin a tafin hannuna, haruffa uku suka faɗo. Ɗaya da zobe a ka, ɗaya an tsaga shi da wuƙa a tsakiya, na ukun kuma biyu ne, ɗaya ya goya ɗaya.

"Ki sa a baki. Kada ki tauna."

Mai tsagar ya maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Sai ga ni cikin kasuwa. Na tsaya gaban wata mai sayar da burodi, na tattaro gaisuwata da kyar na fitar. Ta cafe kalmar a iska, ta ninke ta da kyau, ta mayar mini cikin ladabi, sannan ta amsa da Turanci. Na gwada wani dattijo, shi ma haka. Na gwada mutum bakwai. A Legas, matan kasuwa dariya suke yi mini har da riƙe ciki, su gyara mini, in sake ɓatawa su sake dariya, har na iya. A nan babu wanda ya yi mini dariya, babu kuma wanda ya bar ni na ƙarasa. Na zauna a bakin titi da kalmomina ninkakku a cinya, na ji hawaye yana hawa goshina.

Wani tsohon masunci ya zo yana tuƙa kwalekwale a tsakiyar kwalta. Ya tsaya, ya faɗi wata kalma sau biyu.

"Ɗaya tana nufin wake, ɗaya manoma," ya ce da Hausa. "Ta ƙarshen wacce ce? Baƙi a nan suke komawa gida."

Na ce ya sake. Ya sake. Sai na ji muryarsa tana hawa da sauka daban a kowacce, kamar yadda muke raba kukan yaro da kukar miya.

"Ai wannan namu ne, Baba," na ce. "Manoma."

Ya ja numfashi ciki, gajere, kamar wanda ya taka ƙaya. Na tsorata. Ashe haka suke cewa i. Ya matsa mini na shiga.

Walida tana zaune a kan wani farin dutse, ita kaɗai, gashinta a tsefe ya yi tsaye. Ta dube ni.

"Farmor," ta ce. Wannan na san ta, uwar uba ke nan.

Na buɗe baki, haruffan uku suka tashi sama tare da ruwan, suka bar ni ba komai. Ta jira. Na jira. Da na rasa abin yi sai na zauna, na jawo ta tsakanin ƙafafuna, na tsaga gashin da farce, na fara yi mata kitso.

Ta fara magana. Muddin yatsuna suna cikin gashinta ina jin komai. Ta ce haƙorinta na gaba yana girgiɗi. Ta ce a ajinsu babu mai irin gashinta, wata yarinya ta taɓa shi ba ta tambaya ba. Ta ce ba ta gaya wa babanta ba. Na ɗaga hannu zan share mata ido, maganar ta koma ƙara kawai, na yi maza na mayar.

"Da zafi?" na tambaye ta da Hausa.

Ta ja numfashi ciki. Sannan ta ƙara jingina da ni.

Saura layi biyu in gama, ta waiwayo.

"Farmor, idan kin gama za ki tafi?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai wata ƙara ta fito mini, tat-tat-tat. Injin markaɗen maƙwabciyata ne aka tayar, gari ya waye tuni. Na duba hannuna. Na kitse gezar bargona kusan rabi, ƙanana, a jere.