Haƙorin Kawu Luan

Maza bakwai Khiem ya kwaso zuwa ofishin gwajin ƙashi da ke birnin Hue, dukansu jikokin gidan ta wajen uba. Thoa kuwa don riƙe kwandon shinkafa da dafaffen ƙwai kawai aka taho da ita. Ita ɗiyar mace ce, ko a littafin zuri'a babu sunanta.

Manoma ne suka tono wasu ƙasusuwa a gindin tsauni, ake zaton na Kawu Luan ne, yayan mahaifiyarta, wanda ya tafi yaƙi shekara hamsin da suka wuce bai dawo ba. In gwaji bai tabbatar ba, a maƙabartar sojoji za a binne shi, ƙarƙashin dutse marar suna.

"Ga mu nan, likita," in ji Khiem yana naɗe hannun riga. "Ubana ƙaninsa ne. Ɗebi jini son ranki."

Likita Diep ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Baba, ƙashin ya daɗe a ƙasa. Alamar gadon uba ta riga ta lalace, ta uwa ce kaɗai ta rage a cikin haƙori. Ita kuwa mace ce take miƙa wa 'ya'yanta. Ba shi da 'yar'uwa?"

"Ta rasu."

"Ta bar ɗiya?"

Duk suka waiwaya. Thoa na tsaye bakin ƙofa da ɓawon ƙwai a hannu.

"Wannan?" Khiem ya ce. "Ai ta mutanen waje ce!"

"Yaya, saukar da hannun rigar, kar sanyi ya kama ka a banza," in ji Thoa.

Bayan wata biyu aka kira su. Likita ta nuna musu layi biyu a fuskar na'ura, na haƙori a sama, na jinin Thoa a ƙasa. Ko'ina na sama ya hau, na ƙasa ya hau. Inda ya sauka, ya sauka. Thoa ta kasa ƙiftawa. Ba ta taɓa ganin mutumin nan ba. Ashe abin da kakarta ta ba Kawu Luan, shi ta ba uwarta, shi take yawo da shi kullum tana sayar da taliya a kasuwa, ba ta sani ba.

"Shi ne," in ji likita a hankali.

Suka sa ƙaramin akwatin ƙasusuwan a mota, an lulluɓe shi da jan ƙyalle. Da suka kawo gadar farko direba ya rage gudu, don a al'adarsu sai an kira mamaci a kowane kogi, kar ya tsaya a wancan gefe. Khiem ya juya wajen Thoa.

"Ƙanwata," ya ce, "kira shi ke. Ni ban da tabbacin zai biyo ni."

Thoa ta ɗora tafinta kan akwatin.

"Kawu Luan, ruwa ne a gabanmu. Taho mu ƙetare."