Sarauniyar Kogi Ta Ƙi Mutuwa

Malamin tarihi, wanda 'yan aji biyu ke kira Malam Da-Can a bayan idonsa, ya shiga aji ranar nan yana sane da abin da ke jiransa. Shugaban makaranta ya riga ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: yara barci suke yi a darasinsa, don haka za a karɓe lokacin a ƙara wa lissafi, shi kuma a mai da shi gadin ɗakin karatu. Yau Shugaba zai zo ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci.

Maganar gaskiya, barcin ana yin sa. Har da minshari.

To, sai Malam ya fito da dabara. Maimakon ya cika allo da shekaru, ya ce yau yaƙi za a yi, wani tsohon yaƙi da ke babin da ba su kai ba tukuna. Aka ture tebura gefe, aka zana kogi da alli a tsakiyar ɗaki. Rabin aji mutanen tudu, monita ne sarkinsu, da kwandon shara a ka. Ɗaya rabin mutanen kogi, sarauniyarsu wata 'yar firit da ake ce wa Barkono. Rula ta zama takobi, murfin bokiti garkuwa. Tsarin ba wuya: tudu su ƙetare, sarauniya ta faɗi, Malam ya yi bayani.

Shugaba ya tsaya bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa, fuska ba annuri.

Monita ya tsallake allin, ya ɗora wa Barkono rula a kafaɗa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ki faɗi mana," in ji Malam.

"Malam, da me ya ƙetare? Kwale-kwalen namu ne. Shi ko iyo bai iya ba."

"Ke dai ki mutu, daga baya na yi bayani."

"Haka kawai? Wallahi ba na mutuwa, sai an gaya mini dalili."

Kai, yarinyar nan akwai taurin kai! Malam ya marairaice murya. Mutum da furfurarsa yana lallashin 'yar shekara goma sha uku ta taimaka masa ta mutu, gumi na bin wuyan rigarsa. Kafin ya ankara, mutanen kogi sun yi kukan kura, sun kora na tudu har jikin allo, sun kama sarki sun ƙwace kwandon. Wani ɗan tudu da aka kashe tun farko ya tashi ya ce shi ma ya fasa.

Musu ya kaure. Wannan ya ce da rani aka zo, ruwa ya janye. Wancan ya ce ƙarya ne, cin amana aka yi, ya nuna abokin zamansa da yatsa. Aka kaɗa ƙararrawar tara, ko mutum ɗaya bai dubi ƙofa ba. Malam kuwa duk bai lura ba. Shi dai ya tabbata tasa ta ƙare, har ya fara jin warin tsofaffin littattafan ɗakin karatu.

Sai Shugaba ya yi gyaran murya, aji ya yi tsit. Ya tako har gaban zanen allin, ya daɗe yana kallonsa.

"Malam, yarinyar nan fa tana da gaskiya. Wai ta yaya suka ƙetare?"

Amsar na kan harshen Malam, har ya buɗe baki. Sai ya ga idanun ajin kaf a kansa, ba ko ɗaya a rufe, har da na Shugaba. Ya haɗiye abarsa.

"Ranka ya daɗe, ai wannan darasin Talata ne."

"Faɗa mini a taƙaice."

"Ba ya taƙaituwa, ranka ya daɗe. Kuma Talatar, na ji an ce ta lissafi ce."

Shugaba ya harare shi, ya juya kamar zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Ke Barkono," ya ce, "ran Talata ki aje mini kujera. A ɓangarenku."